A Shata Turba Da Dandali Kafin Gini Ya Cinye Zuru

Duk wanda ya tashi a garin Zuru, ko kuwa aiki ko makaranta suka taɓa kai shi can, ya san hanyar da jama'ar garin suka fi bi ba ta da kwalta. Turba ce, 'yar siririyar hanyar nan da ƙafa ta fitar, wadda ke ratsa bayan gidaje, ta bi gefen gona, ta tsallake rafi, ta ɓulla kasuwa ko makaranta ko bakin rijiya. Ita ɗan makaranta ke bi da sassafe, ita mace mai ɗauke da itace ke bi da yamma, ita kuma tsoho ke bi in zai tafi gaisuwar rasuwa wata unguwa. Ba wanda ya taɓa ba da kwangilarta, ba kuma ofishin da ya taɓa rubuta sunanta a takarda. To, wannan rashin rubutu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A daminar da ta wuce na je gida, na ce bari in bi turbar da muke bi zuwa firamare muna yara. Ban yi nisa ba sai ga katangar bulo ta tare ni, ta ma fi ni tsawo. Na tambayi wani dattijo da ke zaune a gindin mangwaro, na ce, "Baba, ina hanyar nan ta bi?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai an sayar da ita tare da gonar." Yanzu yaran unguwar sai sun zagaya ta bakin titi, suna kutsawa tsakanin 'yan kabu-kabu da manyan motoci, kafin su isa aji. Wanda ya sayi filin bai yi sata ba, da kuɗinsa ya saya, takardarsa kuwa ba ta ce akwai hanya a ciki ba. Wanda ya sayar, shi ma gonarsa ce ta gado. Laifin yana wuyanmu duka, mu da muka bar hanyar jama'a ba shaida, ba mai tsaron ta.

Bari mu duba yadda garin ke girma, don mu san saurin da ake bukata. Zuru ita ce hedkwatar Masarautar da ta ƙunshi Ƙananan Hukumomi 4, watau Zuru, da Danko/Wasagu, da Fakai, da Sakaba. A ƙidayar 2006 an sami mutum dubu 165 da 'yan kai a Ƙaramar Hukumar Zuru kaɗai, yaran da aka haifa a shekarar kuwa yau sun zama samari da 'yan mata, wasunsu har sun fara neman inda za su kafa nasu gida. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta mayar da Kwalejin Aikin Gona ta garin ta zama Jami'a, ita kuwa jami'a duk inda ta sauka, ɗakunan haya da shaguna da gidajen malamai sai sun biyo bayanta. Har wa yau ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji, soja kuwa in ya yi ritaya, burinsa ya dawo gida ya yi gini. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba a 'yan shekarun nan ya koro iyalai masu yawa zuwa cikin gari, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi ya sa gini ke ta miƙewa ta hanyar Dabai, da ta Ribah, da ta Rijau, gonakin jiya suna zama unguwannin yau.

Girman gari alheri ne, ba kuma mai hankalin da zai yi baƙin ciki da shi. Abin damuwa shi ne yadda ake yanka ƙasar. Mai gona ya kira dillali da mai awo, a ja igiya, a fitar da fulotai iyakar yadda gonar za ta ɗauka, a bar ɗan lungun da mota za ta shiga da ƙyar, shi ke nan. Ba a bar inda yara za su yi wasa ba, ba a bar inda za a taru ranar suna ko ranar makoki ba, ba a bar wa ruwan sama hanyarsa ba. Maƙwabcinsa shi ma ya yi haka, lungun wannan kuwa bai dace da na wancan ba. Kafin a farga an sami unguwa mai gidaje ɗari da ba ta da inuwar bishiya ɗaya ta kowa da kowa.

Magabatanmu ba haka suka zauna ba. Tun suna kan duwatsu saboda tsaro, har suka sauko fili bayan an sami zaman lafiya, ba garin da suka kafa ba tare da filin taro ba. Bikin Uhola, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, a fili ake yin sa. Kokawa, wadda samarin ƙasar nan suka shahara da ita, sai da fage. 'Yan golmo, masu noman gayya a gonar surukai, turba suke bi daga wannan gona zuwa waccan. Dubi kuma kurmin Girmace, mai manyan itatuwa da ruwa da kadoji. Ko mene ne ra'ayin mutum game da asalinsa, akwai darasi a tsayuwarsa har yau: kowa ya san iyakarsa, kowa ya san ba a sara a ciki, akwai kuma masu kula da shi. Watau abubuwa uku ke tsare wurin jama'a, sanannen iyaka, da hani, da mai tsaro. A da al'ada ce ke ba da ukun nan. Yau da ƙasa ta zama haja, baƙo kuma yana saye daga nesa, al'ada ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa mata da takarda da dutsen iyaka.

Takardar kuwa ba sai an ƙago sabuwar doka ba, don dokokin suna nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar Jiha a hannun Gwamna bisa amana domin jama'a. Ƙasar da aka ayyana a matsayin birni shi ke ba da iznin mallakarta, saura kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da iznin gargajiya. Dokar ta ba da ikon karɓe fili saboda bukatar jama'a, tare da biyan diyyar abin da mai shi ya gina ko ya shuka a kai. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce ba a yin gini sai da izni, ta kuma tanadi hukumar tsara gari har a matakin Ƙaramar Hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane aikin Jihohi ne, saboda haka ba sai mun jira Abuja ba, maganar tana Birnin Kebbi. Sa'an nan Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na 4, ya lasafta ayyukan Ƙaramar Hukuma, a ciki har da gyaran hanyoyi da magudanun ruwa, da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da raɗa wa tituna suna. A watan Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba Ƙananan Hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe ke nan iko yana nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne a san wace turba, wane fili, daga ina zuwa ina.

Akwai wata ɗabi'a da muka gada wadda ya kamata ma'aikata su lura da ita. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta sa an riƙa ware unguwar Turawa a kewaye ta da fili mai faɗi da ba a gini a cikinsa, a shuka itatuwa, a fitar da tituna masu yalwa. Turawa sun tafi, amma tunanin ya zauna, har yau in an ce tsari ko lambu sai hankalinmu ya tafi unguwar manya. Alhali kuwa mai babban gida yana da tsakar gida da inuwarsa da motarsa. Wanda ya fi bukatar turba da dandali shi ne talakan da ke zaune da iyalinsa a ɗaki biyu, wanda ƙafarsa ce abin hawansa, wanda kuma yaransa ba su da filin wasa sai bakin titi.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, tun 1965 aka soma shuka itatuwa a kewayen gari, akasarinsu dogon yaro, har suka kai kimanin hekta 2,500, don su tare ƙura da iska. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma da gari ya matso, sai aka dinga gutsurar wurin ana yanka fulotai, har wani sashe mai yawa ya salwanta. A birnin Kano, kududdufai da dama da ke karɓar ruwan damina an cike su an yi gini a kai, ruwan kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga ɗakunan mutane. Waɗannan manyan birane ne masu ma'aikatu da ƙwararru, duk da haka abin ya fi ƙarfinsu, don sun bari sai da ƙasa ta yi tsada.

Ga kuma misalin inda aka yi dabara. A Ingila, a 1949, Majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa hukumomin gundumomi su bi duk wata turba da jama'a ke da haƙƙin bi, su tambayi mutanen ƙauyuka, su zana ta a taswira ta hukuma. Da zarar turba ta hau taswirar nan, to, ta zama hujja a gaban alƙali, ko da ta ratsa gonar attajiri ba shi da ikon toshe ta, ko ya sayar da gonar, hanya tana nan. Ba su soma da siminti ko fitilu ba, da rubutu suka soma. Mu ma nan Arewa mun taɓa yin irin wannan tunani a kan dabbobi, lokacin da aka yi dokar makiyaya ta 1965, kowa kuwa ya ga abin da toshe burtali ya jawo mana tsakanin manomi da makiyayi. In rufe hanyar shanu ya haifar da wannan, kada mu ɗauka rufe hanyar mutane zai tafi a banza.

To, nawa ne abin zai ci? Bari mu yi ɗan lissafi da kowane ɗan sakandare zai iya bi. Fuloti irin wanda aka saba yankawa, ƙafa 50 a ƙafa 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba. Filin ƙwallo mai mita 100 a mita 70 ya kama murabba'in mita 7,000, watau fuloti 15 ke nan. Turba mai faɗin mita 3 da tsawon kilomita 1 ta kama murabba'in mita 3,000, ba ta cika fuloti 7 ba. Saboda haka da ƙasar fuloti 22 za a ba unguwa guda filin wasa da kuma hanyar ƙafa mai kai ta makaranta ko kasuwa. Yau, a gefen gari, wannan ƙasa dawa ce ko masara a kanta. Bayan shekara 10 gidaje 22 ne, kowane da iyali da takarda, ba kuma shugaban da zai so ya rushe su, ba baitulmalin da zai iya biyan diyyarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ta farko ita ce Ƙaramar Hukumar Zuru ta buɗe rajistar turbobi da filayen jama'a. A bi mazaɓu 10 ɗaya bayan ɗaya, a soma da Rafin Zuru da Rikoto da Ciroman Dabai inda gini ya fi sauri. A zauna da masu unguwanni da dagatai da dattawa, musamman mata, don su ne suka san hanyar rafi da ta itace da ta injin niƙa. Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona da na sakandare za su iya bin kowace turba da wayar salula su ɗauki awonta, ma'aikatan safiyo su tabbatar, a kafa duwatsun iyaka, a ba kowace suna. A manna taswirar a sakatariya da fadar hakimi har wata 3, mai ƙorafi ya kawo, sa'an nan a buga ta a jaridar Gwamnati. Dattawan da suka san iyakokin nan kullum raguwa suke yi, duk wanda ya kwanta dama kuwa ya tafi da taswirarsa a ka.

Ta biyu, kada a sake amincewa da yankan fulotai sai an fitar da rabon jama'a tukuna, watau filin wasa, da turbar da ta haɗu da ta maƙwabciyar unguwa, da hanyar ruwa. Hukumar raya birane ta Jiha da Ma'aikatar Ƙasa su ƙi sa hannu a kan duk tsarin da bai nuna waɗannan ba. Amma fa a yi adalci ga mai gona. Kada a ɗora wa mutum ɗaya nauyin unguwa duka don kawai fili ya faɗo a gonarsa. A haɗa gonakin da ke maƙwabtaka a yanka su tare, kowa ya ba da kashinsa gwargwadon faɗin ƙasarsa, wanda aka ci tasa da yawa a musanya masa. Mai gona ma ba zai yi hasara ba, don fulotin da ke fuskantar fili da hanya ya fi wanda ke maƙale a ƙuryar lungu daraja.

Ta uku, a bar wa ruwa gabarsa. Zuru gari ne na tuddai da duwatsu, ruwan samansa kuma ya fi na arewacin Jihar, in ya sauko da ƙarfi yake gangarowa. A hana gini a bakin kowane rafi da kwazazzabo, a shuka itatuwa su riƙe ƙasa, a fitar da turba a gefen. Da wannan an sami riba uku, an rage zaizayar ƙasa, an kare gidaje daga ambaliya, an kuma sami hanyar ƙafa mai inuwa wadda mota ba ta bi. Inda turba ta tsallake rafi a sa ɗan kwalbati ko gadar ƙafa, don kada damina ta raba yaro da makaranta.

Na san akwai masu cewa, ana fama da 'yan bindiga da ƙarancin ruwan sha da magani, wa ke ta lambu? Maganarsu tana da nauyi, ni ma ban ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi furanni ba. Abin da nake roƙo a yanzu awo ne da dutsen iyaka da rajista, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ado ya jira ranar da aka sami hali, amma ƙasa ba ta jira. Filin da aka tsare yau, gobe shi ne wurin rigakafin yara, shi ne wurin sauke masu gudun hijira in ta ɓaci, shi ne inda motar kashe gobara za ta juya. Wasu kuma suna cewa fili a unguwa matattarar 'yan shaye-shaye ce da juji. Haka ne, in an yasar da shi. Filin da ake buga ƙwallo a cikinsa kowace yamma, tsofaffi na zaune a gefe, ƙofofin gidaje na kallon sa, ga fitila mai aiki da hasken rana, ɓata-gari ba ya son sa. Kangon da aka kewaye da doguwar katanga aka sa wa kwaɗo, shi ne ɗakin ɓarawo.

Wannan ya kawo mu ga kulawa, inda galibin ayyukanmu ke mutuwa. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa, manya su zo da manyan riguna, a dasa, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye. Itace a farkon damina ake dasa shi, a kewaye shi da ƙaya ko kwando, a ba shi ruwa rani biyu na farko, kowane kuma a san wanda aka damƙa wa, ko aji a makaranta, ko gidan da yake ƙofarsa. A zaɓi irin da ƙasar ta sani, maɗaci da tsamiya da ɗorawa da ceɗiya da mangwaro, ɗorawa da kaɗanyar da aka tarar a gona kuwa a hana sare su in an zo yanka fulotai, don inuwar shekara 40 ba a sayen ta a kasuwa. Jami'ar Aikin Gona tana iya renon dashe ta ba unguwanni, ɗalibanta su sami wurin gwada abin da suka koya.

Kowane fili ya sami kwamitin unguwa, da mai unguwa da wakilin matasa da na mata da na masallaci da na coci, Ƙaramar Hukuma kuma ta sa masa ɗan kaso a kasafin kuɗinta kowace shekara, da ma'aikaci guda da za a tambaya in abu ya lalace. Mai biki ko taro ya biya ɗan abin shara, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Sai dai a kiyayi abu guda, kada a yarda da shago ko rumfar dindindin a cikin filin da sunan samun kuɗin shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rumfa ɗaya ce ke zama goma, goma su zama kasuwa, daga nan sai a wayi gari wani ya fito da takardar mallaka. Masarauta, wadda maganarta ke da nauyi a kan sha'anin ƙasa, tana iya umartar masu unguwanni kada su shaida cinikin duk filin da ke cikin rajista.

Ya ku ma'aikata, ku ne ke riƙe da fayil da hatimi, ranar da aka kawo muku tsarin fulotai ku tambaya, ina turba, ina filin yara, ina hanyar ruwa? Ku tuna wata rana za ku yi ritaya ku zauna a unguwannin da kuka sa wa hannu. Ku kuma ɗalibai, kada ku raina kanku. A Nairobi ta ƙasar Kenya, a 1989, an yi niyyar gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, wata tsohuwar malamar jami'a, Wangari Maathai, ta tsaya da wasiƙu da ƙara a kotu har aka fasa, lambun yana nan yau. Ku naku aikin bai kai wannan wuya ba. A hutun nan, kowa ya zauna da kakarsa ko kakansa, ya tambayi sunan turbobin unguwarsu da inda dandali yake, ya rubuta, ya kai wa mai unguwa da kansila.

Turbar da muke bi zuwa firamare ta riga ta tafi, ba kuma zan nemi a rushe katangar bawan Allah ba. Amma akwai ɗaruruwan irinta da ƙafa ke bi yau da safe, a Senchi da Tadurga da Manga da Bedi da cikin garin Zuru, waɗanda ba abin da ke tsare da su sai don dillali bai iso ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon shata su tun ƙasar tana gona, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.